Injin da Ke Barcin Wata Takwas

A birnin Minneapolis na Amurka, da zarar dusar ƙanƙara ta daina zuba, mai gida yana da awa 24 ya share hanyar ƙafa da ke ƙofarsa. In ya yi kunnen ƙashi, hukuma ta sa a share, ta aiko masa da lissafi. Shi ya sa tun kafin sanyi ya kankama magidanta ke cika kantuna, suna zagaya injin kwashe dusa, hannu a aljihu.

Mai kanti zai nuna maka fitila. Zai nuna maka mariƙin da ke ɗumama hannu. Ƙyale-ƙyale ne, malam. Abin dubawa yana can ƙasa, inda sai ka durƙusa.

Ƙaramin injin yana da fikafikan roba masu shafar ƙasa, su ɗebo su watsa a lokaci guda. Ya wadatar da mai ɗan fili na siminti. A kan tsakuwa kuwa, tagar maƙwabci zai jefa. Babban yana da murɗaɗɗen ƙarfe mai tattaro dusa, da fanka a baya mai cillata ta bututu. Shi ne ke iya tudun da motar share titi ke jibge maka a bakin gida, galibi bayan ka gama aiki.

A jikin ƙarfen nan akwai wasu 'yan ƙusoshi da aka ƙera musamman don su karye. In injin ya haɗiyi dutse ko jaridar da ta daskare, ƙusa ce ke tsinkewa, giya ta tsira. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma da sifana biyu za ka canza ta. Amma ba a rasa mai wayon da zai maye gurbinta da ƙaƙƙarfan noti don kada ta sake karyewa. Ba ta sake karyewa ɗin. Giyar ce ke tafiya.

Yawancin injinan nan ba aiki ke kashe su ba, zama ne. Fetur ɗin can ana gauraya shi da etanol kashi 10 cikin ɗari. In ya kwana wata takwas a tanki, sai ya ja ruwa, ya yi danƙo, ya toshe kafireta. Duk wanda ya taɓa ajiye janareta da mai a ciki ya san sauran labarin: ja igiya, ja igiya, shiru. Masu batir sun huta da wannan, sai dai batirin ba ya son sanyi, kuma sabonsa da tsada.

Saura kayan gyara. Kamfanin Ariens na Wisconsin yana ƙera waɗannan injina tun 1960, Toro kuma hedkwatarsa na Bloomington, dab da Minneapolis. Bel ɗinsu da ƙusarsu ba sa wuyar samu. Mai araha mara suna kuwa, ranar da bel ya tsinke za ka san ainihin farashinsa. Bakanike ma a yini na farko da dusa ta sauka layinsa ya cika.

A saman manyan injinan akwai ƙaramin sandan roba a maƙale, na zungurar bututu in ya toshe. Ko an kashe inji, fankar tana iya zabura ta guntule yatsa. Sandan nan shi ne ke fara ɓata a gida.