Yawon Kwale-kwale: Mu Ma Muna Da Namu

A ƙasar Turkiyya, 'yan yawon buɗe ido kan taso daga Marmaris su hau jirgi a kogin Dalyan, ɗan jagora na nuna masu kaburburan da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru fiye da 2,000 da suka wuce. Kuɗi suke zubewa, ba kaɗan ba.

Ni kuwa ɗan Bunkure ne, ruwan da na sani shi ne na Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can yake biyo kanal ya shayar da shinkafar Kura da tumatirin Kadawa. Ran da wani dattijo masunci ya ɗauke ni a kwale-kwalensa, ya tsai da filafili a tsakiyar ruwa ya ce, "Yaro, ka ga nan? Gonar mahaifina tana ƙarƙashinmu." Wallahi mai karatu, ban taɓa karanta wannan labari a littafi ba, ban gan shi a fim ba.

To amma fa ko rigar kariya ɗaya babu a jirgin. Gabana ya yi ta faɗuwa, don ban manta da 2021 ba, sa'ilin da kwale-kwale ya kife a Bagwai da 'yan Islamiyya, aka rasa rayuka fiye da 20.

Marubuta da 'yan fim, ga labari nan kwance a ƙofar gida, ku je ku ɗauko kafin dattawan su ƙare. Hukuma kuma ta wadata masu jirage da rigunan kariya. Allah Ya tsare, amin.