Gaisuwa Da Sifaniyanci: Abin Da Muka Koya Domin Jikokinmu

A zamanin iyayenmu, idan aka ce yaro ya yi nisa da gida, to, ko Jos ya tafi aikin kuza, ko kuwa Ikko. Kome daɗewarsa, ran da ya komo da 'ya'yansa, kakanni suna jin abin da yaran suke faɗi. Yau abin ya sāke. Gidaje da yawa suna da ɗa ko 'ya a ƙasashen ƙetare, sun yi aure can, sun haihu can. Jikoki suna tasowa da harshen da kakanni ba su taɓa ji ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Amma idan ƙafa ba ta iya kaiwa, ai sai baki ya ɗauki aikin.

Mu ma haka abin yake a gidanmu. Ɗanmu na biyu yana zaune a birnin Malaga, a kudancin Sifaniya. Matarsa 'yar ƙasar ce, Allah kuwa ya ba su 'ya'ya biyu. Kowace Lahadi da yamma sukan kira mu ta waya, muna ganin fuskokinsu. Yaran su yi murmushi, su ɗaga hannu, sa'an nan ubansu ya shiga tsakani yana fassara. Ba ƙaramin abin tausayi ba ne a ce sai da tafinta tsakanin kaka da jika. Saboda haka muka yi shawara, mu biyu, tsoho da tsohuwa, mu koyi harshensu ko da kaɗan ne. Abin da muka tara shi ne muke so mu raba da ku, ya masu karatu, ko ya amfani wani gida.

Sifaniyanci babban harshe ne. Kusan mutum miliyan 500 ne suka tashi da shi tun daga nonon uwa, ƙasashe 20 kuma suna aikin hukuma da shi. Ƙasar da ta fi yawan masu jinsa ita ce Meziko, bayanta akwai irin su Kolombiya, da Ajantina, da Sifaniya kanta. Ko a nan Afirka, maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami mulkin kai daga Sifaniya a 1968, da shi ake koyarwa a makarantunta. Dubban 'yan Nijeriya sun yi aiki a gonakin koko na tsibirinta, wanda a dā ake kira Fanando Fo, yau kuwa Biyoko, har zuwa 1975 da 1976 sa'ad da aka kwaso su gida.

Abu na fari da ya ƙarfafa mana zuciya shi ne karatunsa. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, ana kuwa faɗinsu kamar yadda muke faɗin namu. Wanda ya iya karanta Hausar boko ya riga ya yi rabin tafiya. Sai dai a lura da 'yan haruffa. Ba a faɗin h ko kaɗan. Harafin j kamar h ne mai kauri daga maƙogwaro. Ch shi ne c ɗinmu na "ciki". Ll yawanci kamar y yake, ñ kuwa kamar "ny". B da v duk murya ɗaya ce. Suna da r iri biyu, pero watau "amma", da perro watau "kare". Wannan bai ba mu tsoro ba, gama harshenmu ya saba rarrabe bara na yaron gida da bara na roƙo. Wanda yake neman kulawa a bakin Bahaushe shi ne p, domin su p dabam, f dabam. Favor alheri ne, pavor kuwa razana. Sai a rufe leɓuna sosai kafin a saki p.

To, ga gaisuwa. Hola (ola) ita ce "sannu", ana faɗinta kowane lokaci. Da safe a ce buenos días (buwenos diyas). A Sifaniya ana riƙe da wannan har lokacin abincin rana, wanda sukan ci wajen ƙarfe 2. Daga nan sai buenas tardes har rana ta fāɗi. Da dare kuma buenas noches (buwenas noces), wadda take zaman "barka da dare", take kuma zaman "mu kwana lafiya". In za a tambayi lafiya a ce ¿Cómo está usted? Amsa ita ce Bien, gracias, ¿y usted? watau "Lafiya, na gode, ku fa?" Za ku ga alamar tambaya a kife a farkon magana. Al'adar rubutunsu ke nan, domin mai karatu ya sani tun da wuri tambaya ce take zuwa.

Gaisuwarsu gajeruwa ce. Mu mun saba mu tambayi kwana, da gajiya, da aiki, da gida, da yara. Su kuwa kalma biyu ko uku sun isa. Wannan ba raini ba ne, hali ne na ƙasa. Duk da haka mun ga suna murna idan muka ƙara da ¿Y la familia? watau "Yaya iyali?" Ba wanda yake ƙin a tambayi mutanen gidansa.

Akwai wani abu da ya kamata dattijo ya gane tun da fari, don kada ransa ya ɓaci a banza. Suna da hanya biyu ta ce wa mutum "kai". Tú ta 'yan'uwa ce da abokai da yara. Usted kuwa ta girmamawa ce, kamar yadda muke ce wa babba "ku" ko da shi kaɗai ne. Da baƙo, ko tsoho, ko likita, a fara da usted, a haɗa da señor ga namiji, señora ga mace. Amma a Sifaniya ta yau yara da tú suke yi wa iyayensu da kakanninsu magana. A wurinsu alamar ƙauna ce da kusanci. A waɗansu sassan Kolombiya kuwa, da Kosta Rika, har cikin gida usted ake yi. Kowace ƙasa da nata tafarki.

Sunayen dangi su ne suka fi mana daɗin koyo. Kaka namiji abuelo, kaka mace abuela. Jika nieto ko nieta. Ɗa hijo (iho), 'ya hija (iha). Matar ɗa nuera. Har iyayen miji da iyayen mata suna da sunan da suke kiran juna, consuegros. Kun lura da yadda sunan mace yake ƙarewa da a? Haka yake a Hausa, riga, gona, yarinya. Yadda kuma muke da gida da ruwa, masu ƙarewa da a amma maza ne, haka su ma día, watau yini, namiji ne. Shi ya sa ake cewa buenos días amma buenas noches. A kula kuma da ɗan layin da suke sawa a bisa wasali, gama yana nuna inda murya take faɗawa. Papá baba ne, papa kuwa dankalin turawa a bakin mutanen kudancin Sifaniya da Amurka ta Kudu.

Mai koyo yana bukatar kalmomin da za su cece shi sa'ad da magana ta yi masa gudu. Ga waɗanda muka fi morewa:

No entiendo, ban gane ba.
Más despacio, por favor, a hankali, don Allah.
Otra vez, a sāke faɗi.
¿Cómo se dice...? yaya ake cewa...?
Hablo un poco de español, ina jin Sifaniyanci kaɗan.
Me llamo..., sunana...
Mucho gusto, na ji daɗin saninka.
Perdón, gafara, ko yi haƙuri.
De nada, ba kome.

Matambayi ba ya ɓata. Da ¿Cómo se dice? kaɗai, yaro ɗan shekara biyar ya zama malaminka, ba kuwa abin da yake faranta wa jika rai kamar ya ga yana koya wa kakansa.

Wanda Allah ya nufa da tafiya can, sai ya ƙara da na hanya. ¿Dónde está...? "ina ... yake?" ¿Cuánto cuesta? "nawa ne?" Es muy caro, "ya yi tsada". Amma fa a kantunan Sifaniya kuɗin kaya a rubuce yake, ba a yin tayi. Ƙirga kuwa uno, dos, tres, cuatro, cinco, seis, siete, ocho, nueve, diez. Agua ruwa ne. Tengo hambre, "ina jin yunwa". Tengo 65 años, "ina da shekara 65", daidai yadda muke faɗi. In jiki ya ƙi, Me duele aquí, "nan yake mini ciwo", a nuna wurin da hannu. Necesito un médico, "ina bukatar likita". Lambar neman taimakon gaggawa a Sifaniya 112 ce.

Cikin koyon nan mun yi ta gamuwa da kalmomin da kamar mun san su a wani wuri. Ashe da dalili. Daga shekara ta 711 har zuwa 1492 Musulmi masu jin Larabci sun yi mulki a sassan ƙasar Sifaniya, suka bar dubban kalmomi a harshenta. Hausa ma ta ari nata daga Larabci. Saboda haka azúcar da sukari asalinsu ɗaya, haka limón da lemo, haka taza, watau kofin shayi, da tasa. Alcalde shugaban gari ne a wurinsu, tushensa ɗaya da alƙali. Hasta, ta cikin hasta mañana, "sai gobe", 'yar'uwar "hatta" ce. Ojalá (ohala) kuwa, wadda sukan faɗa in suna fatan abu, daga Larabcin "in Allah ya so" ta fito.

Sunan Allah bai rabu da bakinsu ba, ko da mai faɗi bai lura ba. Adiós, ban kwanansu, ma'anarta ta asali "ga Allah". Gracias a Dios, "mun gode Allah". Si Dios quiere, "in Allah ya yarda". A Benezuwela da Fwato Riko yaro yakan ce wa babba Bendición, yana roƙon albarka, babban ya amsa Dios te bendiga, "Allah ya yi maka albarka". Wannan muka ɗauka ta zama tamu, da ita muke sallamar yaran, tare da te quiero, "ina ƙaunarka".

Ga yadda muke yi. Magana biyar kowane mako, ba ƙari. Mu rubuta su da manyan baƙaƙe a takarda, mu manna a bangon madafa. Bayan tuwon dare ɗaya ya tambaya, ɗaya ya amsa, da murya a fili, gama harshe ba a koyonsa a zuci. A wata uku mutum ya tara magana 60, sun kuwa isa a gaisa, a yi godiya, a tambayi lafiya, a sa albarka. Mun kuma ƙulla ciniki da yaran: kowace kalma suka ba mu, mu ba su ta Hausa. Da haka "sannu" da "na gode" da "sai gobe" suka shiga gidan da yake Malaga.

Kada wani ya ce tsufa ya hana shi. Ba jarrabawa za mu zauna ba, ba kuwa wanda zai ba mu maki. Watakila naku jikokin Faransanci suke ji, ko Jamusanci, ko Yarbanci, ko wani harshe na kusa da gida. Hanyar ɗaya ce. Ku tambayi ɗanku ko 'yarku gaisuwa biyar a wannan mako, ku rubuta, ku faɗa wa yaran da bakinku. Allah ya riƙa mana zumunci. Hasta pronto, sai mun sāke saduwa.