Sharukan Da Abin Da Muke Nema A Idon Namiji

Na san a wannan lokacin wataƙila kin sallami yara, kin ɗan kishingiɗa da waya a hannu. To bari mu taɓa wata magana da muke yi mu ya mu a gidan biki ko wurin kitso, amma ba kasafai muke rubuta ta ba. Kusan kowace a cikinmu tana da jarumin fim da in ya fito sai ta gyara zama. Wata Ali Nuhu, wata Adam A. Zango, wata Salman Khan. Ni dai nawa Shah Rukh Khan ne, wanda muke kira Sharukan, kuma shekara ashirin da 'yan kai ke nan ban sauya ba, tun zamanin kaset har zuwa fassarar Algaita.

Idan zancen kyau ne zalla, ai ba shi ne na ɗaya a Indiya ba. Amitabh Bachchan ya fi shi tsawo da murya, Hrithik Roshan ya fi shi kyan fuska, Salman ya fi shi ƙirar jiki. Shi abin da yake da shi, gashi mai zubowa a goshi, kumatu masu lotsawa in ya yi murmushi, sai idanu. An haife shi a Delhi a 1965, ba ɗan gidan 'yan fim ba ne, da wasan talabijin ya fara kafin ya fito a Deewana a 1992. Amma ga shi ya haura sittin ko ya kusa, kuma mata daga Mumbai har Kano da Maraɗi ba su daina kallonsa ba. Na daɗe ina tambayar kaina dalili, kuma ina ganin na gano nawa.

Ki sake kallon Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda har yanzu ake nunawa a silimar Maratha Mandir da ke Mumbai. A wannan karon kada ki bi waƙoƙin, ki lura da fuskarsa lokacin da Kajol take magana. Ba ya katse ta, idonsa ba ya yawo, kai ka ce duk duniya babu wani abu da ya rage masa sai abin da za ta faɗa. Yawancin jarumai suna jiran abokiyar wasa ta gama ne su kawo nasu layin. Shi kuwa sauraron ma wasa ne a wurinsa, kuma a nan kwarjininsa yake.

Sannan ki dubi halin da aka ba shi a labarin. Mahaifiyar yarinyar da kanta ta ce su gudu, ya ce a'a, sai mahaifinta ya ba shi ita da hannunsa. Ya shiga cikin matan gidan yana taya su aiki, ya bi tsohon, wato Amrish Puri, wurin watsa wa tattabaru hatsi har ya fara shiga ransa. Wace uwa ce za ta ga haka ba ta yi sha'awar surukin ba? Haka a Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, abin da ya fi sa mu kuka shi ne tsakaninsa da Jaya Bachchan, uwar da take jin isowar ɗanta a jikinta tun bai shigo ba. A Chak De! India na 2007 kuwa ko budurwa ba shi da ita, kocin 'yan mata masu wasan hoki ne, amma kallon nan na "na ɗauke ki da muhimmanci" yana nan daram.

Wannan ne ya sa nake ganin abin da ke jan mu kulawa ce. Mace ta wuni tana girki, tana wanki, tana raba faɗan yara, wata ma ta je aiki ta dawo. Da dare ta fara ba da labarin wuninta, amsar da take samu "uhm" ce daga bayan waya. Sai ta kunna fim ta ga namijin da ya ajiye komai yana sauraron mace. Dole zuciya ta motsa, kuma ni ban ga abin kunya a gane hakan ba.

Sai dai fa 'yar uwa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kallon nan da ke narkar da mu sana'a ce ta mutane da yawa. Marubuci ya tsara kalmomin, darakta ya sa an maimaita fitowar har sai ta yi masa, mai haske ya gyara fuskar, mai ɗaukar hoto ya matso da kyamara daidai idanun, aka sa fanka tana kaɗa gashin, aka ɗora kiɗa mai sanyi a kai. Aikin watanni ne aka tace ya koma awa 3. A cikin awannin nan jarumi ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya tsayawa layin mai, mai gidan haya ba ya kiransa. Shi kansa Sharukan ɗin yana da matarsa Gauri tun 1991, da 'ya'ya uku, kuma abin da muke gani a fim aikinsa ne da yake tashi ya koma gida.

A gidana maigida ya san da zancen, har tsokanata yake yi. Da ya ga an sa fim ɗin sai ya ce, "Hajiya, ga mutumin naki nan, bari na ba ku wuri." Mu yi dariya. Amma na san iyakar wasan, domin maza ma suna da kishi, sun dai fi mu iya haɗiye shi. Wata ƙawata ta taɓa cewa mijinta ya riƙa koyi da 'yan Indiya, a gaban ƙannensa ta faɗa, sai da aka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa su. Gwada miji da wani namiji, ko da na cikin akwatin talabijin ne, ciwo yake yi kamar yadda za ki ji idan ya yaba wata jaruma ya kalle ki. Abin da ya fi min amfani shi ne in nemi abin da nake so kai tsaye, cikin lallami: "Abban yara, ara min kunnenka na minti biyar, wayar ba guduwa za ta yi ba." In ya fara nasa labarin na kasuwa ko ofis, ni ma in kife tawa.

Akwai kuma 'ya'yanmu mata, kuma nan ne maganar ta fi nauyi. 'Yata ta fari ba ruwanta da Sharukan, ta ce min, "Mama, wannan ai sa'an Abba ne." Nata jaruman na Koriya ne da Turkiyya. Da na ga hotonsu a wayarta ban tayar da hankali ba, don na san hanyar, na bi ta. Sai na zaunar da ita muka kalli Darr na 1993. A fim ɗin Sharukan ne dai, da idanun nan da murmushin nan, amma ya fito a matashin da ya addabi Juhi Chawla da bibiya da kiran waya, alhali wani take so. Bai damu da abin da take so ba, kansa kawai ya sani. Da aka gama na tambaye ta bambancin wannan da na Dilwale. Ta yi shiru, can ta ce, "Wancan yana jin maganarta, wannan ba ya ji."

Na ji daɗin amsar nan ƙwarai. Wata rana wani zai zo mata da kalamai masu zaƙi da kira sau ashirin a wuni, ya hana ta ƙawaye, ya ce duk so ne. Ina son ta riga ta san cewa akwai kyan ɗan maciji, kuma mai sonta na gaskiya zai saurare ta in ta ce a'a, ya girmama iyayenta, ya biyo ta ƙofar gida. Da na ƙwace wayar na yi ta faɗa, da ba mu kai ga wannan hirar ba, sai dai ta koyi ɓoye min.

Don haka uwargida, ki kalli fim ɗinki hankali kwance, ki yaba gwaninki daidai gwargwado, kunya da mutuncin aurenki suna hannunki. Ki dai tsaya ki tambayi kanki mene ne ainihin abin da yake burge ki a tare da shi, domin sau da yawa abin da kike ƙishirwa ne a gida, kuma ana iya nemansa da baki mai daɗi. To ke fa, wane ne naki jarumin, kuma wane hali nasa za ki so ɗanki namiji ya ɗauka kafin ya kai munzalin aure?