Wane Gefen Jirgin Ruwa Ke Duban Tudu?

Ni dai ban taɓa ganin teku da idona ba, amma a zangon karatun da ya wuce saura kaɗan in rasa aboki saboda gardama a kan jirgin ruwa.

Wata rana malaminmu na labarin ƙasa ya gaya mana cewa a harshen Ingilishi sunan gefen hagu na jirgi da sunan tashar jirgin ruwa kalma ɗaya ce. Ya ce jiragen mutanen arewacin Turai na dā ana juya su ne da wani babban filafili da ake ɗaurewa ta baya a gefen dama, domin yawancin mutane da hannun dama suke aiki. Idan jirgi ya iso tasha sai a jingina shi ta hagu, kada filafilin ya bugi dakali ya karye. Sunan gefen dama kuwa ma'anarsa gefen tuƙi. Da can gefen hagu yana da wani suna mai kama da na dama a kunne, har ma'aikata sukan rikice cikin iska da hayaniya, sai rundunar sojan ruwa ta Ingila ta canja shi a 1844. Na rubuta wannan duka, na haddace.

Da dare a ɗakin kwana na ɗauko zancen, ina ta baza ilmi. Na ce duk jirgin da ya tsaya a tasha, hagunsa ne ke duban tudu. Sai wani ɗan ajinmu da ya tashi a Legas, wanda mahaifinsa ke aiki a tashar Apapa, ya ce shi ya sha ganin jirgi ya tsaya ta dama. Na ce ƙarya yake yi, malam ya fi shi sani. Yara suka bushe da dariya, suka laƙaba masa suna Kyaftin. Ya ja bargo ya rufe kansa. Muka yi mako biyu ba ya yi mini magana, ga shi kuwa da shi muke cin garin kwaki tun muna aji ɗaya.

Ran nan ina ɗakin karatu sai na ga hoton wani ƙaton jirgi na masu yawon shaƙatawa a tashar Basalona ta ƙasar Sifen. Na tuna malam ya ce ana sanin hagu da dama ne idan mutum ya tsaya a cikin jirgi yana fuskantar goshinsa. Na auna, na sake aunawa. Dama ce ke jikin dakali! Gabana ya faɗi. Na ɗauki littafin na nufi ofishin malamai.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ko dai an juya hoton nan ne?" Ya yi murmushi ya ce shi asalin suna ya koya mana, bai ce doka ce ba. Ya ce jiragen yanzu abin juya su yana ƙarƙashin ruwa ta baya, saboda haka babu filafilin da za a ji tsoron karyewarsa. Manyan jiragen yawon shaƙatawa suna da ƙofofi hagu da dama, kuma suna da ƙananan farfeloli kusa da goshi masu tura jirgi a kaikaice. Kyaftin da matuƙin tasha, watau gwanin da ke hawa jirgi don ya shigar da shi, su ke zaɓen gefe. Suna duba iska, da inda ruwa ke ja, da yadda aka gina dakalin, da kuma yadda fita za ta fi sauƙi. Wani lokaci ma ana juya jirgi ne don a gwada sauke kwale-kwalen ceto na wani gefe, tun da yake ba a sauke su a kan dakali. Abin da ba ya canjawa shi ne fitila: ja a hagu, koriya a dama, don jiragen da ke tafiya da dare su gane inda juna suka dosa.

A daren nan, a gaban mutanen da na kunyata shi, na roƙi abokina gafara. Ya yafe, amma ya ce sai na wanke masa kwano har kwana uku. Na wanke.

'Yan'uwana ɗalibai, amsar tambayar ita ce kowane gefe yana iya duban tudu. Ni rabin darasi na ji, na ƙaryata wanda ya gani da idonsa, alhali Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.