Harshen Titi a Allon Talabijin: Wasannin Abijan da Hausawan Adjamé da Treichville

Mai nazarin wasan kwaikwayo na talabijin yakan fara da jigo, wato saƙon da wasan ke ɗauke da shi, sannan ya bi zubi da tsarin labarin, ya bar maganar harshe zuwa ƙarshe kamar wani adon da ake yaɓa wa ɗaki bayan an gama gini. Wasannin da ake shiryawa a Abijan ba sa karɓar wannan jeri, domin a cikinsu irin Faransancin da ɗan wasa ke yi shi ke bayyana asalinsa da karatunsa da nauyin aljihunsa, tun kafin labarin ya faɗi komai a kansa. Dalili kuwa shi ne Kodebuwa, inda Abijan take, ƙasa ce mai harsuna fiye da 60, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya game ƙasar kamar yadda Hausa ta game arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ga baƙi da ƙidayar 1998 ta nuna sun kai kashi 26 cikin 100 na jama'a. Julanci, harshen fataken Mande, ya riƙe kasuwa da tasha, amma Faransanci ne ya fita daga aji da ofis ya shiga tsakar gida, kuma a wannan fitar tasa ya rabu hawa-hawa.

Hawa na sama shi ne Faransancin boko na mai karanta labarai da alƙali. Ƙasa da shi akwai wanda ake kira Faransancin Musa, na lebura da maigadi da 'yar kasuwa waɗanda suka tsinci harshen da kunne ba tare da sun zauna a aji ba, kuma sunan ya samo asali daga wani Musa da mujallar Ivoire Dimanche ta ƙirƙiro a shekarun 1970, tana rubuta sharhi da bakinsa. Na uku shi ne nushi, sarar matasa, wato salon magana da wani rukuni ke ƙirƙira don ya bambanta kansa da sauran jama'a. Ta fara a matsayin zaurancen yaran titi da na bakin silima, jaridar Fraternité Matin ta yi rubutu a kanta a 1986, waƙar zugulu ta ɗalibai ta ɗauke ta a farkon shekarun 1990, yau kuwa har 'yan siyasa suna yayyafa ta a jawabin kamfe. Duk mai son jin waɗannan hawa uku a wuri guda, tashoshin mota na unguwar Adjamé sun ishe shi, inda yaron mota ke rataye a ƙofar gbaka, ƙaramar motar haya, yana kiran fasinjan Abobo ko Yopougon da nushi, yana ciniki da fasinja da Julanci, ya juya ga ɗan sanda da Faransancin da ya fi kusa da na littafi.

Wannan Faransanci na gari yana da ƙa'idojinsa, kuma kuskure ne a ɗauke shi a matsayin gurɓataccen harshe kawai. Mai maganar yakan zubar da ƙananan kalmomin da Bafaranshe ke sawa gaban suna don nuna jinsi, amma sai ya maƙala là a bayan sunan don ya nuna cewa abin sananne ne, daidai da aikin da ɗin ko nan ke yi idan Bahaushe ya ce “kuɗin nan”. Yakan rufe jimla da dêh, wadda aka aro daga Julanci, don ƙarfafawa ko gargaɗi, aikin da fa da dai da kam ke yi a Hausa, kuma ɗan wasan da ya san inda zai ajiye ta da yadda zai ja ta yakan sa 'yan kallo dariya ba tare da ya ƙara ko kalma ba. Ƙirar kalmomi ma tana ɗauke da tarihin birnin. Tasin haɗaka ana ce mata wôrô-wôrô, daga kalmar Julanci mai nufin shida, domin a da kuɗin shiga sefa 30 ne, wato dala shida a lissafin da Bajule da Bahaushen Nijar duk suke yi da biyar-biyar. Abincin talakan birni, wato acake na rogo da soyayyen kifin tuna, sunansa garba, kuma abin da aka fi faɗa shi ne daga sunan 'yan Nijar masu sayar da shi ya fito. Da aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar Faransanci ta filin jirgi da filin sukuwa, sai rumfar sayar da shi ta zama garbadrome.

Talabijin ta fara aiki a ƙasar a 1963, kuma gidan talabijin na RTI ya daɗe yana kallon kansa a matsayin malamin harshe. Léonard Groguhet, da shirinsa na Comment ça va? tun shekarun 1970, yana cikin waɗanda suka fara shigar da maganar gari allo, yana amfani da barkwanci wajen sukar munanan halaye a ofis da unguwa. A ƙarƙashinsa Akissi Delta ta koyi sana'a, mace da ba ta yi zurfi a boko ba, ita ce kuma ta ƙirƙiro Ma famille, wasan da ya gudana daga 2002 zuwa 2007 ya kuma ratsa ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Labarinsa ba wani mai sarƙaƙiya ba ne: Delta da mijinta Bohiri mai neman mata, da abokinsa Gohou da matarsa Clémentine wadda ba ta ɗaukar raini, da dangi da maƙwabta masu shigowa kowa da ƙorafinsa. Ƙarfinsa yana cikin zance. A wasannin farko, mai Faransancin Musa shi ne abin dariya, mai boko kuma shi ke yanke hukunci. A Ma famille abin ya juye, domin uwargidan da ake tausaya wa, wadda gaskiya ke hannunta, da harshen gari take kuka da faɗa da lallashi, yayin da gogaggen Faransanci sau da yawa yake zama kayan aikin mayaudari. Abin lura ne cewa shekarun wasan su ne shekarun da ƙasar ta rabu biyu, daga tawayen 19 ga Satumba 2002 zuwa yarjejeniyar Wagadugu ta 2007, kuma a lokacin da ake tambayar wane ne ɗan ƙasa, mutane na zaune gaban allo suna sauraron harshen da ba na wata ƙabila ɗaya ba. Daga baya Invisibles na Alex Ogou, wanda Canal+ ya nuna a 2018 kan yaran daba da ake kira microbes, ya ɗauki nushi daga fagen dariya ya kai ta fagen baƙin ciki.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan dabara ta bayyana hali ta hanyar harshe. Usman Baba Pategi ya gina Samanja a kan barikanci, wato Hausar bariki da sojoji 'yan ƙabilu daban-daban suka yi wa kwaskwarima, ya haɗa ta da karyayyen Turanci, har harshen ya zama rabin halin tauraron.

A Abijan kuwa, Treichville, unguwar da ke maƙwabtaka da tashar jiragen ruwa, tana da matsayi na musamman a tarihin shigar harshen gari allo, kuma matsayin ya shafi 'yan Nijar kai tsaye. A nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin Moi, un noir, wanda ya fito a 1958, da matasa 'yan ci-rani daga Nijar waɗanda suka raɗa wa kansu sunayen taurarin silimar Turai da Amurka. Jagoransu Oumarou Ganda, Bazabarme daga Yamai, tsohon sojan yaƙin Indocin da ya koma dako a tashar jirgi, shi ne Edward G. Robinson. An ɗauki hotunan ba tare da sauti ba, daga baya aka nuna wa Ganda su, ya riƙa magana a kansu yadda ransa ya ba shi, da Faransancinsa na lebura, yana ƙorafin talauci yana mafarkin zama zakaran dambe. Wannan ya sa baƙon da ke ɗaukar buhu ya zama mai ba da labarin birnin, da bakinsa, shekaru biyar kafin talabijin ta iso. Ganda ya koma gida ya zama mai shirya fim, kuma Le Wazzou polygame nasa ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972.

Abin takaici shi ne wannan matsayi na mai ba da labari bai zama gadon baƙin Abijan ba. Hausawa sun san wannan ƙasa tun zamanin fataucin goro, a yau kuma suna cikin masu sauke albasar Galmi, masu tsire, masu shaguna da teburan kayan koli a Adjamé da Treichville, da yawansu daga Adar da kewayen Tawa. An ce sunan ɗayansu ya zama sunan abincin gari, amma a barkwancin birni mutumin Sahel yakan fito ne a matsayin maigadi ko mai shago wanda karkatar harshensa ita ce dukan rawar da aka ba shi. Kwaikwayon lafazin wani yana iya zama wasa irin na taubasai idan ɓangarorin biyu suna da bakin ramawa. Idan kuwa ɗaya ne kullum ke kwaikwayo ɗaya kuma ake kwaikwaya, musamman a ƙasar da aƙidar ivoirité ta tantance ɗan asali da baƙo ta taɓa yin zafi daga tsakiyar shekarun 1990, to dariyar tana iya koya wa yaro raina maƙwabcinsa. Adalci ya sa a faɗi cewa finafinan Kano ma sun daɗe suna yin haka da Bagwari da Bayarabe da Inyamuri, don haka laifin ba na wani gari ɗaya ba ne.

Idan ɗan kasuwar Adjamé ya rufe shago ya buɗe waya, ko ya kama Arewa24, tashar da ta fara a 2014, yana samun harshensa a Daɗin Kowa da Labarina na Aminu Saira da Izzar So da ake sakawa a YouTube. Sai dai harshen nasa ne kuma ba nasa ba ne gaba ɗaya. Hausar waɗannan wasanni Kananci ce mai surkin Turanci, irin wadda masana ke kira Ingausa, alhali mutumin Adar da karin yamma yake magana: yana cewa zamna da biyat da kassuwa da hwari, yana kiran makaranta lakwal, malamin boko mushe, yana lissafi da dala da jikka, ɗansa da aka haifa a Treichville kuma yana tsarma nushi da Julanci a cikin jimlar Hausa ba tare da ya lura ba. Wannan karin harshe na ci-rani yana da nasa gaisuwa da zagi da salon ciniki, yana da labaran da suka dace da shi, na kuɗin da ake aikawa gida kafin damina, da matar da aka bari a ƙauye shekara biyu, da takardar zama, da yaron da ke jin Hausa amma yana amsawa da Faransanci. Marubucin da zai rubuta irin wannan wasa dole ya yanke shawarwarin da marubucin Kano bai saba fuskanta ba, kamar wane harshe uba zai yi fushi da shi, wane ne ɗa zai nemi gafara da shi, da kuma ko fassarar da za a rubuta a ƙasan allo za ta kasance da Hausa domin mai kallo a Katsina, ko da Faransanci domin maƙwabci ɗan ƙabilar Baule da ke zaune a gida ɗaya da masu labarin.