Ranar da Aka Canja Hannu, da Hanyar da Ta Ratsa Yawuri

Ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, duk direban da ya fito da mota a Nijeriya sai da ya sauya al'adar da ya saba da ita. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ba da umarni a bar tuƙi ta hagu, wanda aka gada daga Turawan Ingila, a koma hannun dama. Dalilin a fili yake: Nijar da Dahome da Chadi da Kamaru duk ta dama suke bi, direban da ya ɗauko kaya daga Ikko zai tsallaka Birnin Ƙonni kuwa sai ya juya tunaninsa a bakin iyaka. Saliyo ta riga mu da shekara guda, Gana ta biyo baya a 1974.

A Yawuri wannan rana ba ƙaramin abu ba ce, don babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi Ibadan, Ilori, Jebba da Kwantagora, ta Yelwa take wucewa kafin ta nufi Koko, Jega da Sakkwato. A lokacin muna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma ne, ba a ma yi mafarkin Jihar Kebbi ba, wadda sai 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro ta. Motocin zamanin sitiyarinsu na dama ne, ƙofar fasinja na hagu. Da aka canja hannu, sai ga mai sauka yana jefa ƙafa a tsakiyar titi, direba kuma ba ya ganin abin da ke tafe in zai wuce wata mota, sai karen mota ya leƙa ya ba shi hannu. A hankali motoci masu sitiyari a hagu suka cika tasha, musamman bayan da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975.

Amma canjin da ya fi girgiza ƙasar Yawuri ya riga wannan zuwa. Tun kafin a san kwalta, kogin Kwara ne babbar hanyarmu. Ta nan Richard Lander da ƙanensa suka iso Yawuri a 1830. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungaye da tsohuwar Busa, aka tayar da mutum fiye da 40,000, cikinsu har da Gungawa da yawa da aka mayar tudu. Daga nan fataucin nesa ya ƙara karkata ga mota. Busasshen kifi da albasar Yawuri a bayan roka suka riƙa isa kasuwannin Kudu. Tseren da muka gada ma na jirgin ruwa ne, shi ne Rigata, ba na mota ba.

Abin da ke damuna shi ne, hanyar ta wuce ta Yelwa ne kawai, ta bar mutanen bakin tafkin Kainji. Ƙauyukan Ngaski da Shanga da yawa, in damina ta zauna, sai babur ko kwalekwale. Tsakanin Zamare da Rofiya har yanzu ruwa ake ƙetarewa. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, waɗanda suka tsira kaɗan ne. Ba son ruwa ya sa su shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima ba, rashin wata hanya ne.

Ƙasar da ta iya juya dukkan direbobinta zuwa hannun dama a rana ɗaya ba za ta kasa gina gada guda ba. Wakilanmu na Birnin Kebbi da Abuja, ku sa gadar Zamare da hanyoyin bakin tafki a gaba, ku bi maganar har a ga an fara aiki.