Abin da ya hana motar ƙungiya tashi bayan an dawo da ita daga gareji

Da yawanku kun ji cewa a-kori-kurar ƙungiya ta kwana biyu a tsaye, wasu ma an gaya musu makaniki ne ya cuce mu. Tunda da kuɗinku aka saye ta, ya zama dole mu faɗa muku yadda aka yi.

Kun san aikinta: kullum da asuba tana ɗauko kwandunan tumatir da attaruhu na membobinmu daga Dei-Dei zuwa kasuwar Utako, kuɗin hayar kuma ya shiga asusun taimakon marasa lafiya. Hilux ce mai shan fetur, ta kwana biyu a duniya. Da kulocinta ya fara zamewa, injin na kuka mota ba ta ja, sai muka kai ta wani gareji a Apo. Aka sauke giya, aka canja faifan kuloci, ranar Alhamis da yamma direba ya tuƙo ta gida lafiya lau.

Juma'a da asuba ya murɗa makulli, sai ƙas, sau ɗaya, shiru. Fitila na kamawa, hon na yi. Yara suka tura ta, ta tashi, ya kama hanya. Da ya isa Dei-Dei ya kashe ta don a yi lodi, sai ta sake ƙi, ga kaya an cika mata baya, turi ya gagara. Kafin a samu wata motar a juye, rana ta ɗaga, tumatirin mutum uku ya yi laushi, suka sayar da asara.

Da yamma aka janyo ta Utako, kowa ya zama makaniki. Wani ya ce batir ne, tunda in an tura tana tashi. Ma'aji har ya fara lissafin kuɗin sabo. Wani mai tasi ya ara mana nasa, muka ɗaura, ƙas ɗin nan dai muka ji. Da gwaji aka auna namu, ya nuna 12.6, wato cike yake. Sai magana ta koma kan kik, aka ce a kwance shi a kai wa mai gyara. Matasanmu kuwa suna cewa a tafi Apo a yi wa makaniki ca, ai ya cire mana mai kyau ya sa mana tsohon.

Safiyar Asabar wani dattijo, tsohon direba a tashar Utako, ya biyo ya same mu tsaye a kanta. Bai taɓa komai ba, sai ya tambaya:

“Malam Sakatare, me aka yi mata a gareji?”

Muka ce, “Kuloci kawai, Baba. Ba a taɓa waya ba.”

Ya yi dariya. “Ɗana, wa ya taɓa sauke giya bai kwance waya ba? Ku kunna min manyan fitilu, ku murɗa makulli.”

Aka murɗa, hasken bai ragu ba. Ya ce da batir ne ya mutu, ko kansa ya yi sako-sako, da fitilun sun dushe, domin kik ya fi komai jan wuta a mota. Tunda ba su dushe ba, wutar ce ba ta ratsa kik. Ya sa aka kawo wayar haɗa batir da batir, ya maƙala baki ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗayan kuma a jikin ƙarfen injin. Direba ya murɗa, mota ta tashi bugu ɗaya.

Da aka leƙa ƙasa, sai ga wata waya mai kauri, wadda ke haɗa injin da gangar mota, tana lilo. An mayar da ita amma ba a ɗaure notin ba. A gareji tana taɓawa, shi ya sa ta tashi. Girgizar hanya ce ta raba su. Baba ya bayyana mana cewa wutar da ta shiga kik ta jikin injin take komawa batir, idan hanyar komawa ta yanke, sai dai ka ji ƙas. Ya kuma ja kunnenmu cewa in aka ci gaba da matsa mata a haka, wutar kan bi ta ƙananan wayoyi ta ƙone su. Sifana ɗaya aka sa, aiki ya ƙare.

Mun kira makanikin, ya zo da kansa, ya duba, ya ce laifin yaronsa ne kuma nasa ne da bai bi bayan aikin ba. Ya ba da haƙuri, ya sake bin duk notunan. Kik ɗinmu na nan, ba wanda ya canja shi. Da mun bi zugar zuciya, da mun kira mutum ɓarawo a gaban jama'a.

Mu ma muna da namu laifin. Mun yi ta bugun wayarsa ranar Alhamis muna cewa ya yi sauri, aka haɗa mota ana magariba. Ba wanda ya tambayi abin da aka kwance. Da ta yi gardama da asuba kuma, muka tura ta aka tafi, maimakon a tsaya a duba.

Don haka kwamiti ya yanke: duk ranar karɓar mota, direba zai je da mutum ɗaya daga kwamiti, a rubuta abin da aka kwance da abin da aka canja, a karɓo tsofaffin kayan, a kashe ta a tayar sau uku kafin a bar gareji. Masu mota a cikinmu, idan taku ta ƙi tashi bayan gyara, ku fara duba inda hannu ya taɓa kafin ku ciro kuɗi.

Maganar asarar 'yan uwanmu uku tana cikin ajandar taron ƙarshen wata. Muna roƙon kowa ya halarta. Allah ya mayar musu da alheri.